Ra'ayin Mazan Jiya da Aikin Hukuma: Me Muke Riƙewa?

Laccar da aka gabatar a wani taron malamai, ɗalibai da dattawan gari a Meiganga, gundumar Mbere, jihar Adamawa ta Kamaru



Shugaban taro, wakilin fada, Allah ya ja zamanin Lamiɗo. Malamaina, Allah ya gafarta muku. Iyayena maza da mata, ƙannena, da 'ya'yana ɗalibai: ina gaishe ku duka, ina kuma yi wa waɗanda suka taso daga Dir, Johong da Ngawi sannu da hanya.

Matasan da suka shirya wannan zama sun aiko mini da tambaya a rubuce: shin ra'ayin mazan jiya yana yi wa aikin gwamnati zagon ƙasa? Da na duba fuskokinsu ranar da suka kawo takardar, na gane amsar da suke jira. Suna so in ce i, in ɗora laifin duk abin da ya lalace a kan rawani da furfura. Yau kuma da na shigo na ga dattawa a sahun gaba, na san su ma da tasu amsar da suke jira. Ina roƙon ɓangarorin biyu su yi haƙuri da ni har in kai ƙarshe, domin maganar ta fi ƙarfin i ko a'a.

Bari in fara da abin da na gani da idona lokacin da nake koyarwa a wata firamare ta ƙauye a wannan gunduma. Akwai wani yaro ɗan makiyaya a ajin ƙarshe, wanda babu mai kama ƙafarsa a lissafi. Da lokacin rubuta sunayen masu jarrabawar kammala firamare ta CEP ya zo, sai aka tarar ba shi da takardar haihuwa. Na tafi rugarsu na sami mahaifinsa. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce shi ba shi da wannan takarda, ubansa ma bai yi ta ba, kuma duk faɗin dajin nan babu wanda bai san ɗan wane ne yaron ba. Na wuce wurin jauro. Jauro ya tuna ranar sunan yaron sarai, har ya gaya mini damina ce, ya kuma ci naman ragon. Amma babu littafi ko guda a zaurensa da aka taɓa rubuta haihuwa a ciki. Na shigo gari na je ofis. Ma'aikaci ya ce wa'adin bayyana haihuwa ya wuce tun shekara goma sha biyu, sai an je kotu an samo hukunci, a kawo shaidu, a kawo takardar likita mai ƙiyasta shekaru, a biya kuɗin tambari. Kafin mu haɗa waɗannan an rufe rajista. Yaron ya koma bin shanu, kuma har yau idan na tuna shi raina yana ɓaci.

To, a cikin mutum ukun nan wane ne ɗan mazan jiya? Za ku ce uban, za ku ce jauro. Ni kuwa na ce har da na ofis, wataƙila ma ya fi su. Shi ma abin da ya tarar yake riƙe da shi: tsarin da Faransawa suka bari, wanda aka gina a kan cewa talaka ne zai tako ya zo wurin hukuma, ya tsaya a bakin taga, ya jira. Kowannensu ya kare abin da ya gada, babu wanda ya kare yaron. Wannan ita ce maganata ta yau, sauran duk bayani ne.

Kalmar da muke fassarawa da ra'ayin mazan jiya, ko ra'ayin riƙau, ta zo mana daga siyasar Turai. A Ingila ana danganta tushenta da Edmund Burke, wanda ya yi rubutu a 1790 yana sukar juyin juya halin Faransa. Abin da ya tsaya a kai shi ne cewa al'umma ba riga ba ce da za a farke a sake ɗinkawa a yini ɗaya, kuma abin da ya daɗe yana aiki akwai hikima a cikinsa ko da ba a gan ta a fili ba. Bahaushe ya riga shi, da ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Amma ko Burke ɗin bai hana gyara ba. Yana ganin ƙasar da ba ta da hanyar gyara kanta ba za ta daɗe ba. A Jamus kuwa, Bismarck, wanda babu mai shakkar riƙaunsa, shi ne ya kafa inshorar lafiyar ma'aikata a 1883, ya kawo fanshon tsufa a 1889. Saboda haka wanda ya ce duk mai ra'ayin mazan jiya maƙiyin aikin gwamnati ne, tarihi bai goyi bayansa ba.

Mu dawo gida. Sarautar da muke gani a arewacin Kamaru tana da tushe a jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809, ya kafa Yola a 1841, kuma lamiɓen Garwa, Marwa, Ngaundere, Tibati, Banyo da Rai Buba suka zama sassan daular Fombina. Kakannin wasunmu Hausawa ta wannan hanya suka biyo da fatauci, suka sauka a Ngaundere, suka gangara har Kunde suna sayen hauren giwa da goro. Gaskiya kuma ba ta ɓuya: wannan tsari ya kawo alƙalai da kasuwanni da karatu, ya kuma kawo harin bayi a ƙasar Gbaya da Mbum da sauran ƙabilu. Wanda zai yi alfahari da na farkon dole ya amsa na biyun. Jamusawa sun ci Ngaundere da Garwa a 1901, Faransawa suka gaje su bayan 1916, kuma dukkansu sun ga cewa ya fi musu araha su bar lamiɗo a gadonsa ya tara musu haraji da 'yan aikin tilas. Daga nan ne aka fara lanƙwasa sarauta. Fuskar sarki, wadda a da take duban jama'arsa da malamansa, sai aka juya ta ta koma duban bature. Talakawa ba su yi shiru ba. Yaƙin Karnu, wanda ya tashi a ƙasar Gbaya a 1928 ya kuma ci gaba har 1931, ya taɓa wannan yanki da muke zaune a cikinsa, kuma aikin tilas da zaluncin masu karɓar haraji ne suka hura wutarsa.

Lokacin da 'yanci ya ƙarato, mutum biyu suka fuskanci tambayar da 'ya'yanmu suka yi mini yau, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Garwa. Na Kaduna, Sardauna Ahmadu Bello, jinin sarauta ne, jam'iyyarsa ta NPC kuwa ita ce gidan sarakuna da 'yan En'e. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, sun kira ta jam'iyyar masu danne talaka, kuma sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e saboda wannan magana. Ba ƙarya suka yi ba. Amma a cikin watan nan na Agusta 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan NEPU ba ne, ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Sardaunan nan kuma shi ya kafa jami'ar Zariya a 1962 da Bankin Arewa, shi ne kuma a 1963 gwamnatinsa ta sa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sauka bayan binciken kuɗin En'en Kano. Ga mai riƙau wanda ya gina hukuma. Sai dai akwai inda riƙon ya yi illa da ba ta warke ba: matan Arewacin Nijeriya ba su jefa ƙuri'a ba a duk zamanin jamhuriya ta farko, alhali matan kudu suna jefawa, kuma tazarar karatun 'ya'ya mata da aka bari a lokacin har yau ana biyan bashinta.

Na Garwa kuwa, Ahmadu Ahijo, ba ɗan gidan sarauta ba ne. An haife shi a Garwa a 1924, ya yi aikin gidan waya, kuma a farkon siyasarsa yana cikin samarin da lamiɓe ke yi wa kallon marasa kunya. Da ya zama firaminista a Fabrairun 1958 sai ya ga ba zai iya riƙe arewa ba sai da su, ya jawo su cikin jam'iyyar da ya kafa a Garwa a shekarar. Da ƙafarsa ta kafu sai ya rage musu ƙarfi sannu a hankali, ya tuɓe wanda ya yi taurin kai, ya ɗora jami'an gwamnati, perefe da superefe, a kansu. Ba za a ce zamaninsa bai yi aiki ba. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, an kafa kamfanin auduga na SODECOTON a shekarar, madatsar Lagdo ta kammala a 1982. Amma ya yi wannan duka da jam'iyya ɗaya tun daga 1966, da ƙasa dunƙulalliya tun daga ƙuri'ar 20 ga Mayu 1972, inda komai sai ya fito daga Yawunde. Ya karɓe iko daga hannun sarakuna, bai miƙa wa talakawa ba, sai ya tara shi a fadar shugaban ƙasa. Da ya sauka a Nuwamban 1982, wanda ya gaje shi ya tarar da wannan inji a kunne.

Ina so ɗalibai su rubuta wannan rana: 15 ga Yuli 1977. A ranar ce aka sa hannu a dokar da ta tsara sarautun gargajiya a Kamaru, ta kasa su daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku, ta kuma mai da sarki mataimakin hukuma. Masu zaɓen sarki suna ba da shawara, amma hukuma ce ke naɗawa, ita ce kuma ke iya tuɓewa. A 2013 aka yanka musu alawus na wata: sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Yanzu ku duba halin da aka sa jauro ko lamiɗo. Ƙofarsa ba ta rufuwa. Baƙo ya sauka a gidansa, mai rigima ya kwana a zaurensa, jami'i ya zo rangadi a yanka masa rago. Sefa dubu hamsin ba ta riƙe wannan gida mako ɗaya. Ina sauran zai fito? Zai fito daga gaisuwa, daga zakkar hatsi da ta shanu, daga kuɗin sulhu, daga rabon fili. Babu rasit, babu littafi, babu wanda zai tambaya. Idan sarkin mai tsoron Allah ne, jama'a sun huta. Idan ba haka ba, talaka ba shi da inda zai kai kuka, domin hukuma tana bukatar sarkin ranar zaɓe, shi kuma yana bukatar hukuma don ya zauna a gadonsa. A shekarun 1990 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta rubuta rahoto a kan abin da dogarai ke yi wa 'yan adawa a ƙasar Rai Buba, kuma an daɗe ba a ga hukuma ta tsawata ba. Wannan cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin ofis da fada shi ne nake kira riƙon kujera. An lulluɓe shi da rigar al'ada, amma babu abin da yake karewa sai matsayin masu matsayi.

Inda abin ya fi ciwo a Mbere shi ne ƙasa. Dokokin filaye na 1974 sun ce duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka ta shiga hannun ƙasa, hukuma ce mai kula da ita. Al'ada kuwa ta ce ƙasa ta sarki ce, shi ke ba da ita. Manomi ya share gona da izinin jauro, makiyayi ya biya don ya yi mashekari a wuri guda, ranar da shanu suka shiga rogo kowa ya fito da hujjarsa. Tun 1978 akwai doka da ta kafa kwamitin sasanta manoma da makiyaya a ƙarƙashin superefe, amma duk wanda ya taɓa kai ƙara ya san kafin kwamiti ya taka zuwa gona sai mai ƙara ya ɗauki nauyin tafiyar, kuma sau da yawa manomi da makiyayi duka suna fita da asara, masu sulhu ne ke komawa gida da riba. Me ya hana a shata burtali da makiyaya a kafa alama, a rubuta a manna a ƙofar fada da ta magajin gari? Duhun yana ciyar da wasu, shi ya sa ba a son haske. Ga kasuwar shanu ta Ngawi, wadda ake zuwa daga ƙasashe maƙwabta: ina so wata rana a karanta wa jama'a a fili nawa ake karɓa a kan kowace saniya, nawa ya shiga asusun ƙaramar hukuma, nawa ya zama rijiya ko aji.

Kada kuma matasa su ɗauka riƙon kujera a fada kawai yake zaune. Tsarin mulkin 18 ga Janairu 1996 ya yi alkawarin majalisar dattawa, da majalisar tsarin mulki, da majalisun jihohi. Majalisar dattawa ba ta zauna ba sai 2013, bayan shekara 17. Majalisar tsarin mulki sai 2018. Zaɓen majalisun jihohi sai 6 ga Disamba 2020, shekara 24 bayan alkawari, kuma a kujeru 90 na kowace majalisa an ware wa sarakuna 20. Amma gyaran da ya cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa a 2008 bai ɗauki dogon lokaci ba. Waɗanda suka yi wannan jinkiri ba masu rawani ba ne. Masu kwat ne da suka yi karatu a Faransa. Dokar Disamban 2019 ta ce a ware wa ƙananan hukumomi da jihohi aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. Ku tambayi duk magajin garin da kuka sani ko abin da ke isowa hannunsa ya yi kama da haka, kuma a wane wata na shekara yake isowa.

Akwai kuma wani nau'in ra'ayin mazan jiya da aka yi mana jigilarsa daga waje, wanda bai san rawani ba, bai san fada ba. Shi ne na Margaret Thatcher da ta hau mulkin Birtaniya a 1979 da Ronald Reagan na Amurka a 1981, masu cewa gwamnati ta yi ƙiba, a rage ta, kasuwa za ta yi sauran. Wannan ra'ayi ya iso mana ta hannun Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya a ƙarshen shekarun 1980. Mu da muke aikin gwamnati a lokacin ba za mu manta 1993 ba, shekarar da aka zabge albashi sau biyu, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Na ga malamai nagari sun bar aji sun koma acaɓa da kasuwa. Na ga ma'aikatan da ban taɓa jin an zarge su ba sun fara miƙa hannu. An dakatar da ɗaukar malamai, har ƙauyuka suka koma ɗaukar malaman iyaye suna biyansu da karo-karo, kuma ko bayan an ce firamare kyauta ce a 2000 wannan karo-karo bai tsaya ba. A ƙasar da gwamnati ta yi yawa, wataƙila a yi muhawara a kan rage ta. A Mbere gwamnati ba ta taɓa yin yawa ba. Makiyayin da 'yan fashin da ake kira zargina suka tare a hanya, ko wanda masu garkuwa suka sace ɗansa ya sayar da garke ya biya fansa, bai taɓa kukan hukuma ta yi masa yawa ba. A kan wannan nau'in, amsata ga matasa i ce, ba tare da wani kwana-kwana ba.

Yanzu kuma ku ba ni dama in faɗi abin da dattawa suke jira, domin shi ma gaskiya ne. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, bisa zargin cewa an sa wa maganin abin hana haihuwa. Aka shafe kusan shekara ba a yi ba, sai a Yulin 2004 aka dawo, kuma kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da tamu. Masu sukar al'ada suna son wannan labari, amma suna tsayawa a rabinsa. Ruwa ba ya tsami banza: mutanen Kano suna tune da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau a 1996, suna kuma mamakin gwamnatin da ba ta da maganin zazzaɓi a asibiti amma tana bin su gida gida da ɗigo kyauta. Sannan wa ya warware matsalar? A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewacin Nijeriya a kan rigakafi. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, hakimai da dagatai da masu unguwa suka bi gida gida da ma'aikatan lafiya. A Agustan 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Abin da likita da ɗan sanda suka kasa, mai unguwa ya yi shi, saboda shi aka sani, shi aka yarda da shi.

Ba sai mun je Kano ba ma. A 2014, da 'yan'uwanmu suka kwararo daga Afirka ta Tsakiya, an buɗe sansanoni a Borgop da Ngam, amma da yawa ba su shiga sansani ba. A ƙauyuka suka sauka, jauro ya nuna musu inda za su kafa bukka da inda za su yi noma, limami ya yi shela a masallaci, fasto ya yi a coci, mata suka raba tukunya. Tsohuwar ɗabi'ar karɓar baƙo ce ta riƙe mutanen nan kafin motocin agaji su iso. A Botswana ma, Seretse Khama, wanda shi kansa magajin sarauta ne, bai rushe dandalin shawara na gargajiya da suke kira kgotla ba, inda talaka ke miƙewa ya yi wa sarki tambaya. Ya riƙe shi, ya kuma sa arzikin ma'adinai ya zama na ƙasa baki ɗaya. Abin da suka riƙe shi ne wurin da ake tambayar mai mulki.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Duk mai cewa yana kare gadon mazan jiya, sai mu tambaye shi: waɗanne mazan? Shehu Usmanu a Kitabul Farƙi ya lissafa abubuwan da ya ƙi a mulkin sarakunan zamaninsa, a ciki har da harajin da shari'a ba ta sa ba, da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, da cin dukiyar talakawa, da toshiyar alƙalai. Ɗan'uwansa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don ya nuna wa masu mulki iyakarsu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da masu sana'a, da kasuwanni, da hanyoyi. Su waɗannan mazan jiyan masu gyara ne, kuma da yawa daga abin da ake karewa yau da sunan al'ada shi ne ainihin abin da suka tashi yaƙa. Haka batun 'ya'ya mata. Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajis ƙauye ƙauye suna karantar da mata. Uban da ya cire 'yarsa daga aji tana shekara goma sha uku ya aurar, ba gadon Nana Asma'u yake riƙe da shi ba. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, amma doka a takarda ba ta shiga zaure sai liman da jauro sun shigar da ita. Kuma hukumar da ke son uba ya bar 'yarsa a makaranta, wajibi ne ta sa malami a ajin, ta yi makewayi, ta kawo sakandare kusa, domin uban da ke tsoron tura budurwa haya a gari ba mahaukaci ba ne.

Akwai abu ɗaya da ba na son taɓawa, amma barinsa cin amana ne. Manya a nan suna tune da abin da ya faru a garin nan a 1992, lokacin da siyasar jam'iyyu ta dawo, aka zubar da jini tsakanin maƙwabta, Gbaya da Fulani, mutanen da ke cin kasuwa ɗaya. Tsofaffin raunuka ne da aka ƙi dubawa shekara da shekaru, na wane ne mai gari, wane ne baƙo, wa ke da kasuwa, wa ke da ofis. An rufe su da sunan zaman lafiya, ba a wanke ba, ranar da aka ɗaga murfi suka fashe. Shirun da ake kira kwanciyar hankali shi ma wani riƙau ne, kuma mun ga kuɗinsa.

To, ga hukuncina, 'ya'yana. Ra'ayin mazan jiya yana gurgunta gwamnati a duk inda abin da ake riƙewa iko ne da ba a yi masa hisabi, ko a fada yake, ko a ofishin perefe, ko a Yawunde, ko a wani banki a Washinton. A arewacin Kamaru irin wannan riƙon ya yi mana ɓarna mai yawa, kuma ya fi ƙarfi a ofis fiye da zaure. Amma amanar da ke tsakanin jama'a da masu unguwanninsu da malamansu dukiya ce da gwamnati ba ta da irinta, ba ta kuma iya sayenta, kuma wanda ya ce a rushe ta bai taɓa ƙoƙarin yi wa yaran ƙauye rigakafi ba.

Saboda haka roƙona ƙarami ne, kuma ba ya jiran izinin Yawunde. Allah ya ja zamanin Lamiɗo, ina roƙon fada ta umarci kowane jauro da mai unguwa ya ajiye littafi, duk sunan da aka raɗa a rubuta shi a ranar, da boko ko da ajami, liman ko fasto ya sa hannu. Ina roƙon masu girma magadan gari na Meiganga, Dir, Johong da Ngawi su riƙa tura ma'aikacin rajista yana bin waɗannan littattafai kowane wata, kafin wa'adi ya wuce, ya kai wa iyaye takardar har gida. Ku kuma ɗalibai, musamman 'yan makarantar ma'adinai da ke garin nan, idan hutu ya zo kowa ya koma unguwarsu ya ƙirga yaran da ba su da takardar haihuwa, ya kawo sunayen, mu haɗu mu kai kotu a dunƙule kafin a buɗe rajistar CEP ta baɗi. Ni zan fara da unguwarmu, kuma duk mai son ya bi ni ya same ni a ƙofar wannan zaure bayan an tashi.